Ƙashin shanu, ruwan Kaltungo da neman digiri na uku

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Jiya na sayi littafi mai bango mai tauri a babbar kasuwa, nace daga yau duk abin da nayi akan wannan aikin sai na rubuta shi da kwanan wata, dan lokacin mastas ɗina rabin abin da nayi a leb a ka na riƙe, da aka zo rubutu sai kame-kame. Wannan karon ba za a maimaita ba in sha Allahu.

Aikin dai shine ina so in ga ko garin ƙashin shanu zai iya tsotse fuloraid daga ruwan rijiya. Ƙashi fa nace, mai ƙugiya a ka, kar wani ya karanta min wani abu daban.

Duk wanda ya sanni ya san haƙorana. Ja-ja ne kaman na tsohuwar da ta shekara hamsin tana cin goro, tun ina firamare ake tambayata ko fure nake sawa, ranar bikina ma mai kwalliya sai da tace in rage murmushi a hoto. Ba goro ba fure. Baba malamin gona ne, an tura shi Kaltungo tun muna cikin jihar Bauchi kafin a yanke Gombe a 1996, a can nayi yarinta har na kai shekara tara. Adda, yayata, ta girme ni sosai, ta riga ta gama famfara kafin mu koma can, nata farare tas, ni da ƙanena da muka sha ruwan rijiyar tun muna rarrafe mu ne masu jan baki. Sai a jami'a na san sunan abin. Fuloraid ne, irin wanda ake sawa a makilin dan ƙarfafa haƙori, in kaɗan ne magani ne amma in yayi yawa a ruwan da yaro ke sha kafin ya kai wajen shekara takwas sai ya ɓata haƙorin tun yana cikin dasashi, in yawan yayi tsanani shekara da shekaru har ƙasusuwa da gaɓoɓi yake taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tace kar ya wuce miligiram 1.5 a lita.

To ina nano ta shigo? Nanomita shine ka ɗauki mita ɗaya ka raba gida biliyan. Silin gashi ɗaya kaurinsa ya kai wajen nanomita dubu tamanin, kuma abin da masana ke kira nano shine wanda girmansa ke tsakanin 1 zuwa 100. Abin da ya hana ni barci tun da na karanta shi shine wai ƙashi kansa haka Allah ya gina shi, wasu 'yan mitsi-mitsin faifai na kalsiyam da fosfet, tsawonsu 'yan gomomin nanomita, kaurinsu bai fi biyu zuwa biyar ba, jere cikin zaren furotin kaman bulo cikin siminti. Kuma wannan sinadarin yana son fuloraid, shi yasa ma haƙorana suka kama shi tun farko. Wato abin da ya ɓata min haƙori shi nake so in kafa wa tarko da shi.

Shekarata 35, ina koyar da kemistiri a sakandare, yara uku. Da wannan nake so in nemi digiri na uku. Na san yadda maganar take a kunne.

Asabar, 25 ga Janairu

Na je gaida Farfesan da ya duba ni a mastas, na kai masa shafi huɗun da na rubuta. Ya karanta shiru yana gyara gilashi, sannan yace Malama kin rubuta nano sau goma sha ɗaya a nan, kin taɓa ganin guda ɗaya da idonki? Nace a'a ranka ya daɗe. Yace to cire su tukuna.

Raina ya ɗan sosu amma gaskiyarsa ne, kuma ni kaina abin yana damuna. Yanzu yayi ne, kowane ɗalibi ya tafasa ganyen darbejiya ko zogale ya zuba a ruwan sinadarin azurfa, da ruwan ya koma ruwan ƙasa sai a ɗau hoto a waya ace an haɗa nano, a rubuta takarda a tura mujalla. Ba wai ƙarya bane gaba ɗaya, 'yan ƙwayoyin azurfa in sun ƙanƙance da gaske suna shan haske wajen nanomita 400 zuwa 450 shi yasa kalar ke juyawa, kuma akwai masu yin aikin da gaske har ƙarshe, irin rukunin Farfesa Agbaje Lateef a LAUTECH da ke Ogbomosho. Amma sauyin kala alama ce kawai, bai gaya maka girmansu nawa ba, bai gaya maka ko sun dunƙule ba, kuma mafi yawan takardun daga nan suke tsayawa.

Sai dai kalar nan ita ta fara jawo ni fagen, ba zan ɓoye ba. Zinare da muka sani rawaya ne, amma in ka mayar da shi 'yan ƙwayoyi ƙanana cikin ruwa ja yake zama kaman zoɓo, Michael Faraday ya nuna haka tun 1857. Akwai wani kofin gilashi na Rumawa na ƙarni na huɗu a gidan tarihi na Birtaniya a Landan, in haske ya faɗo masa ta gaba kore ne, in ta baya ne ja, saboda ƙurar zinare da azurfa da ke cikin gilashin, masu ƙera shi basu ma san me suka yi ba. Abu ɗaya, sinadari ɗaya, girma kawai ka canza sai halinsa ya canza. Duk karatun kemistirin da nayi ana ce min zinare zinare ne ko ina, ashe akwai gwargwado.

Ranar Laraba na kai dunƙulen Maggi aji, 'yan SS2. Nace a ɗauka kowane gefe santimita ɗaya ne, fuskokinsa shida, faɗin fatarsa santimita murabba'i shida kenan. In aka yayyanka shi zuwa 'yan dunƙulaye masu nanomita goma-goma fa? Muka yi lissafin a allo ya fito mita murabba'i 600, ya fi fuloti mai ƙafa hamsin da ɗari. Wani yaro a baya yace Malama kenan Maggi ɗaya zai ishi bikin unguwa. Aji ya ɗau dariya, amma ya fahimta, dan a fata ake kama fuloraid ba a ciki ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kaltungo. Na bi motar safe ta Kumo da Billiri, hazo har yanzu bai gama ɗagawa ba duwatsun sai ka matso kake ganinsu. Rabona da garin shekara goma sha. Na sauka gidan Goggo, ba goggona ta jini bace maƙwabciyarmu ce a da, 'yar Tangale, ita ta goye ni lokacin da Dada, mahaifiyarmu, ta haifi ƙanena, tana ganina ta kama haɓata ta buɗe min baki tace har yanzu 'yar garinmu ce.

Jikanta ya zaga dani a mashin, rijiya shida da bohol uku. Robobi na tafi da su ba kwalabe ba dan fuloraid yana mu'amala da gilashi, kowace na ɗauraye sau uku da ruwan wurin kafin in cika, na rubuta lamba da lokaci da zurfin da masu rijiyar suka faɗa min. Ruwan garau yake ba wari ba ɗanɗano, shine ma matsalar, da yana da kala da tuni an guje shi. Asalin abin duwatsun giranait ne da garin ke zaune a kansu, akwai ma'adanai masu fuloraid a ciki, ruwa yana kwanciya a tsagar dutse yana lasa a hankali, shi yasa wani lokacin bohol mai zurfi ya fi rijiya ɗauka.

Wata mata a bakin bohol tace ai ita tafasa wa yaranta take yi. Na rasa ta inda zan fara, dan tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa amma fuloraid baya tashi da tururi, ruwan ne ke raguwa shi yana nan, sai ma ya ƙara kauri. Na faɗa mata a hankali. Tace to me zan yi? Nace in damina ta zo ki tari na sama ma ƙananan. Tace da rani fa? Nan na tsaya.

Goggo ta haɗo ni da gyaɗa da tsintsiya, ta ƙi karɓar ko sisi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mahauta da sassafe, Abban yara ne ya kai ni. Da na gaya wa dattijon da ke kula da wurin ƙashin cinyar sa nake so ba nama, ya dube ni ya dubi maigidan, yace Hajiya magani za a haɗa? Nace kusan haka ne Baba. Ya sa yaro ya cika min rabin buhu.

Kwana uku ina tafasawa a tukunyar da muke dafa abincin suna, a zubar da ruwa a sake, sai an cire kitse da ɓargo tas in ba haka ba ruwan da za a tace zai yi ƙarni. Na shanya a kan kwano, kuliyoyin unguwa duk sun tare a gidanmu. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tace Maman yara wannan farfesun ba a ɗanɗana wa maƙwabta ne, da na nuna mata ƙasusuwa farare ba ko tsoka sai tayi shiru ta koma, inaga zuwa yanzu labari ya zaga cewa na fara bin malamai. Dakan kuwa a tsohon turmi, hannuna duk kanta.

Asabar, 15 ga Maris, 15 ga azumi

Na samu aron murhun lantarki na leb, irin mai kaiwa digiri dubu. Na raba garin uku dan in gasa, na digiri 400, na 600, na 800, kowanne awa biyu. Na farko lafiya. Na biyu yana minti arba'in aka ɗauke wuta, janareton wurin kuma ba zai ja murhun ba, haka na zauna da ƙishi ina kallon allura tana sauka, wannan kason ya tashi a banza dan ban san zafin da ya sha ba balle in rubuta. Na sake wani ranar Alhamis bayan na tambayi masu gadi lokacin da wutar layin ta fi zama.

Yanzu ina da kwalba uku a gabana. Na 400 baƙi kaman gawayi, na 600 toka-toka, na 800 fari sol kaman alli har da ɗan ƙyalli. Babbar 'yata ta nuna farin tace Mama wannan ne zai yi aiki ko? Ni ma zuciyata can take duk da abin da na karanta ya ce akasin haka.

Asabar, 12 ga Afrilu

Wata guda ba abin da ya motsa. Sandar awon fuloraid ta leb ɗin da na dogara da shi ashe an barta a bushe ta lalace, ruwan da ake haɗawa da samfur kafin awo kuma ya daɗe da ƙarewa, sau huɗu ina zuwa ana ce min mai makullin ya fita. Da an gaya min tun farko ai da ban ɓata kuɗin Keke ba. Na koma hanyar kala, wani jan sinadari da ke kodewa gwargwadon fuloraid ɗin da ke ruwa, na yi odarsa daga Kano da kuɗin adashena. Zafi kuma ba a magana, ruwan Kaltungo na cikin firij ɗin da ba wuta.

Asabar, 3 ga Mayu

Alhamdulillah yau na ga wani abu.

Cikin wurare taran da na ɗebo, mafi yawa sun haura 1.5, wasu sun haura da nisa, ba zan sa lamba a nan ba sai na maimaita da sanda mai kyau dan hanyar kala tana ruɗewa in akwai wasu gishirai a ruwan. Na ɗau wanda ya fi yawa na raba kofi huɗu, ɗaya ba komai, ukun kowanne da awo ɗaya na gari, na kaɗa na barsu suka kwana, na tace.

Farin nan mai kyau kusan bai taɓuka komai ba. Baƙin shi ya fi ja, mai toka na biye. Sau uku na maimaita dan kar ya zama son zuciya, haka yake fitowa. Dalilin kuwa shine ainihin abin da ya sa nake son fagen nan, zafi mai yawa yana sa 'yan faifan nan su manne da juna su zama manya, ramukan da ke tsakaninsu su toshe, fatar da fuloraid zai kama ta ragu. Sinadarin bai canza ba, nauyin bai canza ba, girman ne kawai. Lissafin Maggi ne ya fito a kofi.

Amma baƙin yana da nasa aibin, ruwan ya ɗan yi rawaya kuma akwai ƙauri-ƙauri, na kurɓa na tofar. Ba uwar da za ta ba ɗanta wannan komai lambar da na nuna mata. To aikin yana tsakanin 400 da 600 kenan, inda ƙauri ya tafi amma faifan basu kumbura ba.

Kuma dan kar in ruɗi kaina, gawayin ƙashi ba ni na ƙirƙiro ba. A Kenya cocin Katolika na Nakuru ya daɗe yana yinsa yana rabawa, dan yankin nan na kwarin Rift, Habasha da Kenya da Tanzaniya, matsalarsu ta fi tamu. A Indiya kuma akwai hanyar Nalgonda ta alam da farar ƙasa. Abin da zai zama nawa shine in nuna da awo yadda girman ƙwayar ke tafiya da yawan abin da take kamawa, a ruwanmu, da shanunmu.

Lahadi, 8 ga Yuni

Barka da Sallah. Bana duk gidan da aka yi layya a danginmu an san wa za a tara wa ƙashi, har na raguna na karɓa na ware daban, wa ya sani ko akwai bambanci.

Jiya a gidan Dada maganar ta tashi, kowa na nan ana suya. Hamma, yayanmu, ne ya fara, yace wai dokta ɗin nan a ina za a yi ta, dan ya ji ana cewa waje. Nace ban yanke ba. Na bayyana musu yadda abin yake, in na yi rajista a nan kusa, ko ATBU a Bauchi ko jami'ar jiha ko ta Kashere, ina gidana ina aikina ruwan Kaltungo na kusa, amma na'urorin da ke ganin abin da nake aiki a kai sai dai in riƙa aika samfur nesa ina biya ina jira. In na tafi waje na'ura na ƙofar ofis amma shekara uku ko huɗu ne, auta kuma shekararsa uku. Kuɗin TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, ni ta sakandare bana ciki, PTDF kuma hankalinsu na kan fannin mai da gas.

Hamma yace shi dai bai ga abin da mace mai 'ya'ya uku za ta je nema ƙasar sanyi ba akan abin da ido ma baya gani. Adda tace Hamma ai ƙwayar maleriya ma ido baya gani kuma ta kwantar da kai sati biyu bara. Aka yi dariya shi bai yi ba. Dada tana jin mu tana yanka nama, can tace ƙasashen su waye? Na lissafo, nace akwai Afirka ta Kudu, akwai wata jami'a a Saudiyya KAUST da aka buɗe a 2009 kusa da Jidda. Ta ajiye wuƙa tace kusa da Jidda? To wannan a nema, in ya so ni zan bi ki in riƙe miki yaron.

Abban yara bai ce komai ba a can. A mota muna dawowa yace ki nema duka, in an samu sai mu san yadda za a yi, amma kar ki ƙi nema ki zo kina cewa ni na hana. Ban amsa ba dan na san in na buɗe baki kuka zan yi, ga yara a baya.

Ni abin da zuciyata ta fi kwanciya da shi shine tsarin nan da ake rajista a gida a fita wata shida ko shekara a yi awo a dawo. TWAS, cibiyar da Abdus Salam ya kafa a Italiya a 1983, tana da irinsa.

Asabar, 19 ga Yuli

Rizal ɗin XRD ya iso ta WhatsApp bayan sati biyar, direban mota na ba samfurin a ambulan kaman saƙon kuɗin makaranta. Na'urar tana harba hasken eksire ne kan garin ta zana tsaunuka a takarda, inda tsaunin ya tsaya shi ke gaya maka wane sinadari ne, faɗinsa kuma ya gaya maka girman ƙwaya. Dukkan ukun sun nuna tsauni a wajen digiri 26 da 32, daidai inda ma'adanin ƙashi ya kamata ya fito, to ban ƙona shi ya zama wani abu ba. Na 800 tsaunukansa sirara ne tsaye kaman allura. Na 400 kuwa faffaɗa ne kaman tudun yashi, kuma faɗi na nufin ƙanƙanta. Na sa lissafin Scherrer, wanda yake nan tun 1918, ya bani 'yan gomomin nanomita.

Na kira Farfesa da murnata nace ranka ya daɗe yanzu in mayar da kalmar nano ɗin? Yace Malama wannan lissafi ne, matsakaici ya baki, kuma faɗin tsauni ba girma kaɗai ke kawo shi ba. Kin gani? Nace ban gani ba. Yace to.

Wallahi mutumin nan. Amma madubin ganin ƙananan abubuwa na leb ɗin makarantarmu ba zai taɓa nuna min ba ko na shekara ina leƙe, hasken da ido ke gani tsawon zangonsa nanomita 400 zuwa 700 ne, duk abin da ya gaza wajen 200 ya fi ƙarfinsa. Sai na'urar TEM mai aiki da ilektaron.

Asabar, 9 ga Agusta

Ba abin rubutawa. Makin jarabawa, auta yayi zazzaɓi kwana biyar, ruwa ya shiga ɗakin da nake ajiya ya jiƙa rabin ƙashin layya ya yi funfuna. Na zubar.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na tura wa malamai goma sha biyu imel a ƙasashe huɗu, biyu suka amsa. Ɗaya yace bashi da gurbi. Ɗayar, wata farfesa a Afirka ta Kudu, ta jefo min tambayoyi uku da suka hana ni sukuni, kuma na fi jin daɗinsu akan a ce min aikin yayi kyau. In garin ya ƙoshi da fuloraid ya za a yi da shi, a wanke a sake ko a zubar, a ina? Nawa lita ashirin za ta tsaya wa mai gida? Sannan ta ukun wadda ta fi cizo, in ƙwayoyin sun kai ƙanƙantar da nake fata, me zai hana su bi ta matata su shiga cikin yaron?

Wannan ta ukun ban taɓa zama na tuna ta da kyau ba, ina ta murnar ƙanƙanta. Ashe abin da ke sa su aiki shi ke sa kama su wuya. Na koma karatu, a 2006 wasu a jami'ar Rice ta Amurka sun yi amfani da 'yan ƙwayoyin tsatsar ƙarfe suka kama arsenik a ruwa sannan suka janye su da maganaɗisu. Ko in haɗa garin ƙashin da irin wannan, ko kuma in dunƙula shi ƙwallaye kaman gero yadda cikinsa zai zama nano amma jikinsa ya fi ƙarfin ramin matata. Ta biyun ta fi kama da abin da Goggo za ta iya amfani da shi a bokiti. Na sake rubuta furofozal daga shafin farko, tace in aiko mata da samfur za ta sa ɗalibinta ya duba a TEM ɗinsu kyauta.

Kuɗin aikawa ya kusa rabin albashina. Abban yara ya cika.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ina dafa abincin rana naga an sanar da kyautar Nobel ta kemistiri, Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi, akan wasu sinadarai masu ramuka ƙanana a ciki kaman saƙar zuma. Yaghi a Amman ya tashi, iyayensa Falasɗinawa 'yan gudun hijira, gidan da ruwa ke wuya, kuma cikin abin da yayi da sinadaran har da tatso ruwa daga iskar hamada. Miya ta kusa kamawa ina karatu.

Gobe zan gaya wa 'yan aji. Kullum labarin da nake basu na Geim da Novoselov ne, da suka ɓare gawayin fensir da salatif a Manchesta a 2004 har suka kai falle mai kaurin atam ɗaya, aka basu Nobel a 2010. Yara suna son jin salatif ɗin. Abin da na daina ɓoye musu shine bayan salatif mutanen nan suna da ɗaki cike da na'urorin da suka tabbatar musu abin da suka ɓaro.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Hotuna sun zo daren jiya ƙarfe goma sha ɗaya, guda takwas. Na buɗe na farko gabana na faɗuwa, sai naga wani baƙin curi kawai kaman tuwon da ya yi gudaji. Na biyu haka, na uku haka. Sun dunƙule. Ɗalibin ya rubuto cewa haka garin yake yi in ba a warwatsa shi sosai cikin ruwa ba kafin a ɗiga, in duba bakin curin a hoto na shida.

Na shida na buɗe na ja da yatsa. A gefe inda curin ya yi siriri har haske na ratsawa, ga su nan, 'yan dogaye-dogaye kaman ƙwayar shinkafa an watsa a tabarma, wasu sun hau kan wasu. A ƙasan hoton akwai ɗan layi an rubuta nanomita 50, kuma da yawansu basu kai tsawon layin ba. Wannan daga cinyar san da aka yanka a mahautar Gombe ne, wanda na tafasa a tukunyar suna na daka a turmi. Na tashi Abban yara daga barci na nuna masa, ya duba da ido ɗaya yace masha Allah kaman tsutsa, ya juya.

Da safe na tura wa Farfesa ba tare da na rubuta komai ba. Bayan azahar ya amsa, yace na gani Malama, mayar da kalmar, amma sau ɗaya a take ya isa, kuma hoto ɗaya ba hujja bane ki ƙirga aƙalla guda ɗari ki auna kowanne.

Na ƙirga talatin da bakwai kafin wayar ta mutu. Na 800 ba a duba ba tukuna, kuma shi nake buƙata dan kwatanci, sai na roƙi ɗalibin ranar Litinin. Fom ɗin jami'a na nan na cike rabi, saura takardar sakamakon mastas da har yau ban karɓo ba. Jikan Goggo kuma ya kira yace ruwan rijiyoyin ya fara ja baya, in ina son samfurin farkon rani in zo kafin ƙarshen wata, kuma Goggo tace in taho mata da manja.